Direban da Bai Iya Tuƙi Ba

Mijina bai iya tuƙin mota ba. Babur ma sai da lallami, in ya hau sai ka ga ya ƙame kamar an dasa shi a kai. Amma duk unguwarmu a Jibiya, in ka tambayi sana'arsa a shekarun nan, za a ce maka direban babbar mota ne, yana jigilar kaya tsakanin Maraɗi da Kudu. Ni na ƙirƙiro masa wannan aikin ina zaune bakin murhu, shi kuma ya karɓa yana dariya. Gaskiyar magana, soja ne.

Wanda bai zauna nan ba zai ɗauka wauta ce. Tun da ɓarayin daji suka addabi ƙauyukanmu, kowa ya san suna da masu kai musu labari daga cikin gari, infoma muke ce musu. Ba ka san ko wane ne ba. Yana iya zama mai kawo maka ruwa, ko mai ɗauko ka a babur, ko wanda kuke sahu ɗaya da shi a masallaci. Gidan da aka ce na soja ne, ko na ɗan sanda, ko na ɗan sa-kai, an yi masa alama ke nan. A wajen Daddara an taɓa shiga wani gida saboda kaki da aka hango a igiyar shanya. Ban san mutanen ba, labarin ne kawai ya iso mu, amma daga lokacin babu matar soja a garin nan da ta sake shanya kakin mijinta a tsakar gida.

Shi mutumin wani ƙauye ne a yankin Bugaje. Da ya shiga soja, mutanen ƙauyensu sun ɗauka cirani ya tafi Legas, iyayensa kuma ba su gyara musu ba. Bayan mahaifinsa ya rasu, ƙauyen ya watse, sai ya kama mana ɗaki biyu a cikin Jibiya, a unguwar da kowa baƙo ne, ya ajiye ni da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Ya yi ya yi mu koma bariki. Inna ta ce ita ba ta zuwa inda ba za ta ji labarin gonarta ba, ko da ba ta iya taka ta. Ni ma ban matsa ba, don tawa uwar, Iya, tana nan bakin boda, kan iyakar Nijar, tana sayar da abinci tun zuwanta daga Maraɗi tana amarya. Ga shi kuma shi kansa ba zaman barikin yake ba, kullum yana daji.

Manya suna iya riƙe baki. Matsalar ita ce 'yarmu. Ita kaɗai Allah ya ba mu, sunan Inna aka sa mata, shi ya sa uban yake kiranta Uwata. Yarinya ce mai surutu tun tana rarrafe, abin da ta ci da safe sai duk layin sun ji kafin azahar. Yaro irin wannan ba a ce masa ga sirri riƙe. Don haka muka yanke shawara ba za ta sani ba sai ta yi hankali. Abin da aka gaya wa maƙwabta shi aka gaya mata.

Kakinsa a Katsina yake barinsa wurin wani abokinsa, ya shigo motar Jibiya da tsohuwar riga da silifa. Amma kaki ba shi kaɗai ne ke tona soja ba. Ranar farko da na hango shi daga bakin ƙofa yana tahowa, ƙirji a gaba, hannu na kaiwa da komowa, na san kowa zai gane shi. Da ya shigo na rufe ƙofa na ce masa, "Wane direba ka taɓa gani shina tahiya haka? Direba bayanshi ciwo yakai. Ka ɗan duƙa, ka ja ƙahwa."

Na sa shi ya yi ta kai-kawo a tsakar gida ina gyara masa tafiya, Inna na kallonmu tana dariya har da hawaye. Na hana shi askin nan nasu. Na saya masa goro, ya ce ba ya ci, na ce to ka riƙe a baki. Iya ta koya masa kalmomin direbobin Nijar, ya riƙa cewa kamiyo maimakon babbar mota, duwan maimakon kwastan. Sannan na je kasuwa na sayo masa ɗan tawul ruwan ɗorawa, irin wanda direbobi ke saɓawa a kafaɗa suna share gumi. Daga ranar na daina kiransa da komai sai Direba, ko muna mu biyu. Har Allah ya raba mu haka nake ce masa.

Duk da haka sojan yakan leƙo. In ya zo hutu shi ke goge wa yarinyar kayan makaranta, ya fitar musu da kari kamar bakin wuƙa. Wata rana malamarsu ta ce mata, wannan guga sai ka ce gidan soja. Da ta dawo ta faɗa mana tana murna, ta ɗauka yabo ne. Tun daga nan in ya gama gugarsa, sai in ɗauki rigar in ɗan cukurkuɗa ta kafin ta saka. Yakan tsaya yana kallona kamar na mare shi.

Ina son mutumin nan, kuma ba na jin nauyin rubuta shi. Ina da saurin fushi, shi kuma in na fara faɗa sai ya zauna ya naɗe ƙafa ya ce in na gama a ba shi abinci. Ba ya ba ni labarin daji. Abin da na sani na sani ne daga yadda yake zabura in murfin tukunya ya faɗi, da yadda ba ya zama ya ba ƙofa baya.

Tsarabarsa kullum cuku ne da dabino, don a gaskata daga Maraɗi yake. Iya ce ke saya wurin mata 'yan kasuwa masu tsallakowa, ta aiko a ɓoye, in sa masa a jaka, shi kuma ya fito da shi a gaban yarinyar kamar ya sha wuya kafin ya samo. Takan tambaye shi ina motarsa. Ya ce tana gareji a Maraɗi, ai babba ce, ba ta shiga lungunmu. Ta ce wane launi ce. Ya ce shuɗiya. Ta riƙe wannan.

Ranar tafiya kuwa aikinta ne ta saɓa masa tawul. Yakan durƙusa ta ɗora masa a kafaɗa, ta daddanna, ta ce ya tuƙa a hankali. Wata tafiyar garin rawar jiki ta saki tawul ɗin ya faɗa kan murhun gawayi, gefe guda ya ƙone kafin in fizge shi. Ta yi ta kuka. Ya ce ai yanzu ne ya zama na direba sosai, ya hana a sayo wani.

Zuwansa na ƙarshe ana gab da faɗuwar damina ne. An mayar da su Gabas, can wajen babban tafkin nan na kan iyaka, inda yaƙin ya fi shekara goma ana yinsa. Yakan kira in sun hau inda ake samun sabis. Wata rana yarinyar ta karɓi wayar ta ce, "Baba, kana ina?" Ya ce, "Ina duwan, Uwata, ana duba takardu." Sau ɗaya muna magana aka ji ƙara a bayansa, irin wadda mu mutanen Jibiya ba ma buƙatar a gaya mana ko ta mece ce. Ya ce mata taya ce ta fashe, ya kashe wayar.

Da damina ta yi tsakiya, wayar ta daina shiga. A cikin kwanakin nan ne kuma sojoji suka karɓi mulki a Nijar, aka rufe boda. Abu biyun nan ba abin da ya haɗa su sai lokaci. Amma yarinya 'yar shekara shida ta haɗa su da kanta. Ta bi Iya wurin sana'a ta ga manyan motoci jere sun yi layi har ido ya gaza, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu, albasa na ruɓewa tana zubar da ruwa a kan kwalta. Ta dawo ta same ni ina tankaɗe ta ce, "Mama, na gane. Baba shina wancan gehen. An kulle shi ne."

Na ce mata haka ne. Me zan ce? Ni kaina a lokacin ban san komai ba. Na je Katsina na tambaya, aka ce an yi artabu, akwai waɗanda ba a gani ba, ana nema, a yi haƙuri a yi addu'a. Na koma, aka sake faɗa min haka. Ina dawowa in cire mayafi in ɗora tukunya, in ce wa maƙwabta asibiti na je. Gara yarinyar, tana da bayanin da ya kwantar mata da hankali. Har na riƙa jin kishin barcin da take yi.

Da kaka, ana yankan gero, wani mutum ya yi sallama da hantsi. Riga da hula ne a jikinsa, amma ina ganin tafiyarsa na san daga inda ya fito, babu wanda ya koya masa jan ƙafa. Yana riƙe da baƙar jaka. Ya ce tare suke aiki da maigidan, an ba shi hutu, ya ga bai kamata mu ji a bakin wani ba. Muka shimfiɗa masa tabarma a ɗakin Inna. Ya ce an samu gawarwakin waɗanda aka rasa, an gane shi a ciki, an yi masa sutura a can tare da abokan aikinsa. Ya ce wa Inna, "Ɗanki soja ne na gaske, Inna. Bai gudu ba." Ya maimaita har sau biyu, yana ganin abin da zai sanyaya mata rai ke nan.

Inna ta yi salati. Ni kallon jakar kawai nake. Ban lura yarinyar na tsaye a bayan labule ba. Da baƙon ya tafi na tura jakar can ƙarƙashin gado ban buɗe ba.

Kafin la'asar gida ya cika da mata. Abin da muka gaya wa mutane shi ne ya rasu a wurin aiki, an binne shi can, ba wanda ya tsananta tambaya. Wasu na san sun daɗe da ganewa, suka yi kamar ba su sani ba, Allah ya saka musu. Na jawo yarinyar jikina a gaban matan na ce mata, "Babanki ya rasu. Sai dai mu yi mashi addu'a."

Ta ɗago ta kalle ni, ba ko ɗigon hawaye. Ta ce, "A'a, Mama. Na ji mutumen. Soja ya ce ya mutu. Babana direba ne."

 Akwai matan da na sani, akwai waɗanda ban taɓa gani ba sai ranar. Inna ta miƙo hannu ta ƙarƙashin mayafi ta damƙe min gwiwa. Wata tsohuwa ta ce yaro ne, bai san mutuwa ba, aka ci gaba da jan carbi.  Da na ce mata sojan shi ne babanta, da na faɗa wa duk ɗakin, da duk wanda za su je su faɗa wa.

Na shiga takaba. Na ɗauka kwana biyu za ta gane da kanta, ta ga ana ta zuwa gaisuwa, ta ga na daina kwalliya. Ashe ba haka ba. Ta taɓa ganin mutuwa a layinmu, ta ga an fito da makara an wuce da ita. A gidanmu ba a fito da komai ba. A lissafinta, manya ne suka ruɗe, wani baƙo ya kawo mutuwar wani soja gidan da ba nasa ba, mu kuma muka karɓa. Har tausayina take ji. Takan zo ta zauna kusa da ni ta ce in daina kuka, da an buɗe boda zan gani.

Abin ya wuce magana. In aka ba ta wani abin daɗi sai ta raba biyu ta ɓoye rabi a cikin kwano, na Baba ne, sai na bi na zubar in ya fara wari. A Islamiyya wani mai hali ya kawo yadi a raba wa marayu, aka ce su miƙe, ta ƙi tashi. Wata yarinya ta ce mata ke ma ai marainiya ce, sai 'yata ta kama hannunta ta gantsara mata cizo har ya yi jini. Uwar yarinyar ta zo har gida, ta tarar da ni cikin takaba, ta haɗiye faɗanta ta koma.

Tun da ba na fita, Iya ce ke tafiya da 'yata bakin boda don ta rage min hayaniya. Can yarinyar ta samu aiki. Tana bin direbobin da suka maƙale ɗaya bayan ɗaya tana tambayarsu ko sun san babanta, mai shuɗiyar mota, mai tawul ruwan ɗorawa da ya ƙone a gefe. Yawanci sukan ce ba su san shi ba. Sai wani dattijo, mutumin Maraɗi, da ya daɗe yana cin abinci wurin Iya, tausayi ya kama shi ya ce mata kamar ya gan shi a wancan gefen, lafiyarsa lau. Ta dawo gida da gudu ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba.

Ranar na yi fushin da ban taɓa yi ba. Na sa Iya ta kira min shi a waya, na wanke shi tas, dattijon da ya isa ya haife ni. Da na gama ya ce, "Ɗiyata, ki gahwarce ni. Ni ban san mi anka hwaɗa mata ba. Na ga tana kallon bakina ne, na kasa ce mata a'a." Da na ajiye wayar na rasa wa nake jin haushi. Abin da ya yi sau ɗaya, mu shekara da shekaru muna yi.

Iya ta ce a gaya mata gaskiya kawai a huta. "Yarinyar ga tana lalacewa kuna kallo. Ku hwaɗa mata, in ta yi kuka ta gama." Inna ta ce ba da yawunta ba. A watannin nan ba a cika mako ba a ji harbi ta wajen Gangara ko bayan gari ba, an kuma ɗauke mutane a unguwar da ke kusa da mu, kowa na cewa nuna gidan aka yi. Inna ta ce, "Bakinta bai da murhi. Gobe ta hwaɗa a makaranta, jibi a zo. Na ba da ɗa, ba ni ƙara ba da takwarata." Duk su biyun suna da gaskiya, ni ce a tsakiya. In na yi shiru, 'yata za ta ci gaba da jiran mutumin da ke cikin ƙasa. In na yi magana, na ɗora wa 'yar shekara shida abin da zai iya jawo mana bindiga har ɗaki. Na yi ta ɗagawa, ina cewa bari in fita takaba tukuna.

Na fita takaba, azumi ya kama, ban faɗa ba. Sai ga labari an buɗe boda.

A makaranta yarinyar ta ji. Ta shigo ta jefar da jaka, ta ciro kayan sallarta na bara da suka ɗage mata, ta saka, ta shafa hoda har a gira. Ta ce in tashi mu je taryen Baba. Inna ta kalle ni, na kalle ta. Na ɗauki mayafi.

Rana ake yi mai zafi, ga azumi a bakina. Muka tsaya a gefen rumfar Iya inda ake ganin duk abin da ya tsallako. Garin ya cika da murna, 'yan dako na guje-guje, masu babur na ta hon, mata 'yan Maraɗi na sauka da ƙullin kaya ana rungume-rungume. Duk motar da ta taho sai ta yi ɗage ta leƙa gaban. In shuɗiya ce sai ta saki hannuna ta matsa har bakin kwalta, in fizgo ta. Direbobi da yawa suna da tawul a kafaɗa, wannan ban taɓa lura da shi ba sai ranar. Kowanne sai ta bi shi da ido har ya wuce. Dattijon nan ya hango mu daga nesa, ya sauke kai ya bi ta bayan motoci.

Iya ta ba ta ruwa ta ƙi sha, wai ita ma azumi take. Hodar ta jiƙe ta gangaro mata a kumatu. Ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, ita da ba ta iya tsayuwar minti biyu. Da aka kira la'asar motocin suka ragu. Ta ja mayafina ta ce, "Ƙila layinshi na da nisa. Gobe mu dawo da sassahe."

A nan na san ba zan iya kawo ta gobe ba. Na ga yadda za ta yi ta zuwa, jibi da gata, har ta girma a bakin titin nan. Na ce mata mu je gida, akwai abin da zan nuna mata.

Inna na zaune a ƙofar ɗakinta tana gyaran zogale. Ta ga fuskata ta gane. Ta tashi ta je ta saka sakatar ƙofar gida, ta dawo ta zauna ta juya mana baya.

Na jawo baƙar jakar daga ƙarƙashin gado, ta yi ƙura. Ni ma ranar na fara buɗe ta. Takalma ne a sama, manya, an ɗaure igiyoyinsu wuri ɗaya. Sai kaki, a ninke yadda shi kaɗai ke ninke kaya. Na shimfiɗa rigar a kan gado. Warinsa na nan a jiki.

Yarinyar ta tsaya daga nesa ta ce, "Kayan sojan ne. Mi ya sa ba a mai da masu ba?"

Na ce, "Zo ki ɗaga wandon."

Ta zo ta ɗaga. Ban san yana ciki ba, wallahi, so nake kawai ta taɓa kayan da hannunta kafin in yi magana. Tawul ɗin ne ya faɗo daga cikin ninkin. Ya koɗe, ya yi baƙi-baƙi, amma ga ƙunar nan a gefe. Ta ɗauka ta juya shi, ta sa yatsa a cikin hujin. 

Ta ce, "Ina sojan ya samu tawul ɗin Baba?"

Na durƙusa daidai tsayinta. Na gaya mata babanta bai taɓa tuƙa mota ba. Na ce babu shuɗiyar mota, babu gareji, cukun ma Iya ce ke saye. Na ce soja ne tun kafin a haife ta, mun ɓoye ne don kada mugayen mutane su zo gidanmu. Na ce ranar da ta ji ƙara a waya ba taya ba ce. Ban rage mata komai ba, don na san in na bar ƙofa ko ƙarama ce za ta bi ta nan ta koma bakin boda.

Ta ce, "To shi ne wanda mutumen ya ce?"

Na ce, "Shi ne."

"Ba shi wancan gehen?"

"Ba shi can."

Kukan da ba ta yi ba tun kaka, ranar ta yi shi. Ba ihu ba, wani irin kuka ne daga ciki. Ta dake ni a ƙirji da hannun da ke riƙe da tawul, na bar ta ta daka. Daga tsakar gida ina jin Inna ma ta fara nata. Na riƙe 'yata ina kuka, raina na tafasa da waɗanda suka kashe shi da waɗanda suka sa ko sunan aikinsa ba ma iya faɗa a gidanmu. Da ta ɗan lafa na ce mata abu ɗaya ya rage. Wannan magana daga ni sai ita sai kakanninta. Ko ƙawa, ko malama, ko wa ya tambaya. Na tambaye ta ko ta gane. 

Kafin ta amsa aka buga ƙofa. Maƙwabciyarmu ce ta kawo kunun buɗa-baki, kamar yadda muke yi wa juna. Inna ta ja ƙafa tana ɓata lokaci wurin zare sakata. Kafin in miƙe, yarinyar ta riga ni. Ta tattara rigar da wandon ta cusa a jaka, ta tura takalman, ta sa ƙafa ta danna jakar ƙarƙashin gado, ta ja zanin gadon ya rufe. Ban ce ta yi ba. Tawul ɗin kawai ta bari a hannunta.

Matar ta leƙo da kwano, ta ga idanunmu. Ta ce, "Subhanallahi, mi ya samu 'yar gidan? Ko an je bodar ne?"

Yarinyar ta share hanci da bayan hannu. Ta ce, "Babana ya rasu." Wannan ne karo na farko da ta faɗa da bakinta.

Matar ta ajiye kwanon ta dafa kanta ta ce Allah ya jiƙansa, mutumin kirki. Ta ga tawul ɗin ta ce, "Nashi ne ko?"

"Nashi ne," in ji ta. "Na share gumi in shina tuƙi. Direba ne."

Sai ta juyo ta kalle ni, don ta ga ko ta faɗa daidai. Na gyaɗa mata kai.